Nauyin Buhu da Nauyin Alƙalami

Takardar da aka miƙo mini ran nan ba ta cika rabin shafi ba. A samanta akwai sunan masana'antar da ta aiko ta, a tsakiya sunan ma'aikacin da shekarunsa, a ƙasa kuma tambaya guda da gurabe biyu: zai iya komawa bakin aikinsa, ko ba zai iya ba? Abin da ake bukata daga gare ni shi ne in sa alama a gurbi ɗaya, in rattaba hannu, in buga hatimi. Mai takardar yana zaune a kan benci a gabana, ya ɗora hularsa a gwiwa, yana kallon alƙalamin da ke hannuna kamar yadda mai ƙara kan kalli bakin alƙali.

Sana'ata gashin ƙashi ce, wato taimaka wa waɗanda suka ji rauni ko jikinsu ya shanye su sake koyon motsi. Na shekara tara ina yin ta a wani asibiti a Kano kafin wannan rana. A makaranta an koya mini yadda ake auna jiki: iya inda gwiwa ke lanƙwasawa, ƙarfin damƙar hannu, nauyin da gadon baya zai jure. Babu malamin da ya koya mini abin yi idan awon ya koma hukunci a kan tukunyar gidan mutum. Tambayar da nake so mu duba tare da mai karatu ke nan: wane haƙƙi ne ke wuyan wanda aka ɗora wa auna ƙarfin ɗan'uwansa, alhali ya san abin da ya rubuta zai iya raba shi da aikinsa, ko kuma ya mayar da shi inda zai ƙarasa lalacewa?

Mutumin dattijo ne, ya ɗan haura hamsin, ya kuma yi fiye da shekara ashirin yana lodin buhuna daga sito zuwa tirela. Wata rana da damina yana kan katakon da ake hawa, buhu a ka, santsi ya kwashe shi. Guringuntsin da ke tsakanin gaɓoɓin ƙashin bayansa ya turo ya danne jijiyar da ke sauka ƙafar hagu. Wata huɗu ya yi yana jinya. Da zafin ya lafa, masana'antar ta ce ba zai koma ba sai da takardar asibiti.

Gwajin da muke yi a irin wannan hali ba shi da wani asiri. Mukan sa mutum ya yi tafiya, ya hau matakala ya sauko, ya tsuguna ya tashi, sannan mu kawo akwati mu riƙa ƙara masa nauyi kaɗan-kaɗan yana ɗagawa daga ƙasa zuwa ƙugu. Ido yana kan yadda yake tsayuwa, kunne yana kan numfashinsa, yatsa yana kan bugun jini. Ƙa'ida ita ce a tsaya da zarar jiki ya fara neman dabarar kauce wa ciwo, ko da bakin mai jikin bai ce komai ba. Dattijon ya ɗaga kilo 10 kamar ya ɗauki tabarma. Ya ɗaga 15, ya ɗaga 20. A kilo 25 ya fara karkata zuwa dama. Da na kai masa 30 sai ya ɗauke numfashi, gumi ya karyo masa, ƙafar hagu ta shiga rawa.

"Baba, ya isa haka," na ce masa.

"Haba ɗana, ƙara mana. Wannan ai abin yara ne. Ni da nake ɗaukar buhu guda."

Ban ƙara ba. Bayan azahar na hange shi a wurin alwala bai san ina kallo ba. Ya wanke fuska da hannuwa, da ya zo ƙafa sai ya kasa sunkuyawa, ya riƙa kwarara ruwan buta daga sama yana cuɗa ƙafa da ƙafa. Da ya dawo ofishina ya rage murya ya ce, "Likita, don girman Allah ka rubuta musu na warke. Ina da 'ya'ya bakwai, an kuma sa ranar babbarsu."

Tun daga nan na san gurabe biyun nan gaba kura ne baya sayaki. In na ce zai iya, na tura shi kan katakon da ya kayar da shi. In na ce ba zai iya ba, na ba masana'anta hujjar sallamarsa da sa hannuna.

Yana da kyau mu san yadda aka yi alƙalamin nan ya faɗo hannun masu aikin asibiti. Har wajen ƙarshen ƙarni na 19, ma'aikacin da inji ya cinye wa hannu a Turai ba ya samun ko anini sai ya je kotu ya tabbatar da cewa sakacin ubangidansa ne, abin da da wuya talaka ya iya. A 1884, zamanin Bismarck, Jamus ta kafa dokar inshorar haɗarin aiki, Ingila kuma ta yi tata dokar diyyar ma'aikata a 1897. Waɗannan dokoki sun ajiye tambayar "laifin wa?" a gefe, suka ce duk wanda ya ji rauni a bakin aiki yana da haƙƙi. Nijeriya ma a kan wannan turba take. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya a asusun da hukumar NSITF ke kula da shi, ta kuma tanadi kashi 90 cikin 100 na albashi duk wata ga wanda aiki ya nakasa gaba ɗaya, nakasar da babu warkewa. Ci gaba ne babba. Sai dai da aka daina tambayar laifin wa, wata tambayar ta maye gurbinta: nawa ya rage na ƙarfinsa? Wannan kuwa lauya ba ya amsa ta. Ta haka mai magani ya wayi gari yana riƙe da rabin kujerar alƙali.

Duk inda kuɗi ya shiga, zargi na biye da shi. Tun a 1866 wani likitan tiyata na Landan, John Eric Erichsen, ya wallafa littafi a kan fasinjojin da suka tsira daga haɗarin jirgin ƙasa suna kukan ciwon baya alhali babu rauni a fili, aka kuma daɗe ana gardama ko ciwo ne ko kwaɗayin diyya. A 1980 wani likitan ƙashi a Birtaniya, Gordon Waddell, ya bayyana wasu alamu da ke nuna cewa ciwon bayan majinyaci ya haɗa da damuwa da tsoro, don a kula da wannan ɓangaren ma. Sai aka mayar da alamun nasa sandar dukan majinyata, ana cewa duk wanda aka gan su a jikinsa maƙaryaci ne, har ya zama dole shi da wani abokin aikinsa su sake rubutu a 1998 suna gargaɗin cewa alamun ba shaidar yaudara ba ne. Har yau akwai ragowar wannan zargi a cikin kayan aikinmu. Mukan sa mutum ya maimaita damƙa sau da dama don mu ga ko adadin zai riƙa sauyawa, da nufin kama wanda ke ɓoye ƙarfinsa.

Ba na musun cewa akwai masu ƙarin gishiri a ciwo. Na gamu da su. Amma a ɗakin gwajina wanda na fi gani shi ne mai ɓoye rauninsa. Mun taso a cikin al'ummar da ke yabon dauriya, inda magidanci ke jin kunyar cewa "wayyo" a gaban yaron da ya haifa, inda kuma ranar da lebura bai fita ba ranar ce ba a ɗora tukunya. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma wanda ya san cibinsa zai jawo masa kora, ɓoyewa zai yi. Ma'aunin da aka ƙera don kama mai ƙaryar ciwo makaho ne ga mai ƙaryar lafiya. Da na bi bakin dattijon nan na ci gaba da ƙara nauyi, ina da yaƙinin zai ɗaga kilo 50 sau ɗaya, ya ciji leɓe, in rubuta abin da idona ya gani, in kuma cuce shi da gaskiyar da ba ta cika ba.

To, me zai hana in yi masa abin da ya roƙa? Wannan hujja tana da ƙarfi, ba zan raina ta ba. Jikinsa ne, shi ya san nauyin da ke kansa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yunwa ma cuta ce, kuma ba ta jiran wata uku a sake gwaji. Wane ne ni, mai albashin ƙarshen wata, da zan zaɓa wa mai 'ya'ya bakwai tsakanin ciwon baya da kunyar iyali? Na kwana da wannan tunani, na kuma yarda da rabinsa: yana da ikon ya jefa kansa cikin haɗari idan ya ga dama, kamar yadda direban dare da mai haƙar rijiya suke yi kullum.

Inda na rabu da hujjar shi ne nan. Abin da ya roƙa shaida ce, ita kuwa shaida ba ta mai roƙo ba ce, ba kuma tawa ba ce da zan yi kyauta da ita. Takardar da ta ce ya warke za ta rufe maganar diyyarsa, domin wanda ya warke ba ya bin kowa bashi. Idan ya sake faɗuwa, takardar nan ce za a zaro daga fayil a ce ai lafiyarsa ƙalau ya dawo. Kuma ba shi kaɗai ke hawa katakon ba. Akwai wanda ke biye da shi a baya, wanda buhun zai faɗa wa a wuya. Bayan wannan duka, darajar kowane rahoto da zan rubuta gobe tana rataye da na yau. Ranar da manaja ya gane ana samun sa hannuna da roƙo, ranar ce rahotona ya daina amfanar wanda ciwonsa na gaske ne. Wannan hujja ita ce kuma ta hana ni ɗaya ƙaryar, wato in zuzuta raunin don ya samu kuɗi da yawa. Asusun diyya na dukan ma'aikata ne, kuma wanda aka rubuta wa "ya gama aiki" alhali da sauransa, an ƙwace masa wani abu da kuɗi ba ya mayarwa.

Wani zai ce, to shi ke nan, rubuta adadin ka huta: ya ɗaga kilo 25, buhu kilo 50 ne, saboda haka ba zai iya ba. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi, ita ce kuma na fi tsoro, domin tana ba mutum damar yanke hukunci yana cewa sikeli ne ya yanke. Adadi yana faɗin abin da jiki ya yi cikin sa'a guda, a ɗaki mai fanka, a daɓe mai kyau. Ba ya faɗin abin da jikin zai yi a buhu na ɗari da rana tsaka, ko halin da zai tashi a ciki washegari. Masu tsara ayyuka a Amurka sun daɗe da bambance ɗagawar jefi-jefi, wadda ba ta wuce sulusin yinin aiki ba, da ɗagawar a kai a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a tsarin da ta fitar a 2001, ta raba abin da mutum zai iya a wurin gwaji da abin da yake yi a ainihin muhallinsa. Nakasa tana tsakanin jiki da abin da aka nema daga gare shi. Gurgun da ke ɗinki a zaune cikakken ma'aikaci ne. A sa shi dako ya zama nakasasshe nan take.

A nan na tuna da wata hikima da ke cikin fiƙihun da muka karanta a zaure. A babin diyya, hannu raƙuma hamsin ne, haƙori biyar, kowane yatsa goma, kuma babban yatsa da ƙaramin yatsa daidai suke. Ba a tambayar ko mai yatsan tela ne ko mai gadi. Malamanmu na Malikiyya kuma sun ce ba a yanke diyyar rauni sai ya warke an ga inda ya tsaya. Awon zamani ya bi wata hanyar: yana tambayar me gaɓar ke yi wa mai ita, shi ya sa babban yatsan tela ya fi na mai gadi tsada a wurinsa. Kowanne ya riƙe wani ɓangare na gaskiya. Na zamani ya fi kusa da asarar da mutum ya yi a aljihunsa. Na farko yana tunatar da mu cewa jikin ɗan Adam yana da kima tun kafin a ɗauke shi aiki, kuma gaggawar yanke hukunci a kan raunin da bai gama nuna kansa ba zalunci ne. Mai awon da ya manta da wannan zai riƙa kallon mutum kamar injin da ake duba ko ya cancanci gyara ko a jefar.

Sai na lura da wani abu da ya daɗe a gabana ban gani ba. Duk gwajin da na yi, mutumin na gwada. Aikin kuwa babu wanda ya taɓa gwada shi. Tun a 1700 likitan Italiya Bernardino Ramazzini, wanda ya rubuta littafi a kan cututtukan masu sana'o'i, ya shawarci likitoci su riƙa tambayar majinyaci sana'arsa. Na ga ya kamata in wuce tambaya, tunda gani ya kori ji. Ranar Asabar na je masana'antar na nemi izini na tsaya a bakin sito. Na ga katako mai faɗin taku biyu, babu abin dafawa. Na ga samari suna gudu da buhu a ka domin da yawan buhu ake biya. Cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ɗauki kilo 23 a matsayin iyakar abin da ya dace mutum ya riƙa ɗagawa da hannu, shi ma idan komai na wurin ya daidaita. Buhunmu ya ninka wannan har da ɗoriya. A tsarin rabon ayyuka na can, irin wannan nauyi yana cikin aji na ƙarshe, mafi tsanani. Ashe ana tambayata ne ko mai rauni ya dace da aikin da bai dace da mai lafiya ba.

A wannan sito kuma na ga abin da takardar ba ta ambata ba. Akwai mai ƙirga buhuna a ƙofa, akwai mai ɗinke bakin buhu, akwai masu tura baro a fili. "Aikinsa" da aka rubuta kamar abu guda, ashe ayyuka ne da yawa a ƙarƙashin rufi ɗaya.

Ban sa alama a ko ɗaya daga guraben ba. Na rubuta shafi biyu. Na faɗi abin da zai iya: tsayuwa da tafiya tare da hutu, tura baro a daɓe, ɗaga abin da bai wuce kilo 15 ba jefi-jefi, ƙirga da ɗinki. Na faɗi abin da ba zai iya ba a yanzu: ɗaukar buhu da hawa katako da kaya. Na rubuta cewa raunin a bakin aiki ya same shi, cewa bai gama warkewa ba, a kuma dawo da shi bayan wata uku. Na ƙara da abin da na gani game da katakon. Kafin in aika, na karanta masa da Hausa daga farko har ƙarshe, domin bai kamata mutum ya ji hukuncin jikinsa daga bakin akawu ba. Na kuma yi masa bayanin dokar diyya, wadda bai taɓa jin labarinta ba duk tsawon shekarunsa na aiki.

Ya yi shiru har na zaci bai fahimta ba. Can ya ce, "Ɗana, ka yi abin da ka ga daidai ne." Ya sa hularsa ya fita, bai yi mini godiya ba, ban kuma ga laifinsa ba.

Masana'antar ta dawo da takardar, ta ce alama ake so a gurbi. Na mayar da ita yadda take, na ce abin da na sani ke nan. Bayan kai-komo suka ajiye shi a ƙofar sito yana ƙirga. Abin da yake samu ya ragu sosai, aka kuma ɗaga bikin 'yarsa zuwa bayan Babbar Salla. Ba zan ce labarin ya ƙare da daɗi ba. Ina da rabo a cikin wannan ragin, kuma na san shi.

Abin da na fita da shi daga wannan lamari kaɗan ne, amma a kansa nake aiki har yau. Wanda aka ba awon ɗan'uwansa ana bin sa gaskiya cikakkiya, ita kuwa ta haɗa da jikin, da aikin, da iyakar abin da awon ya sani. Tausayi yana da wuri, sai dai wurinsa a ƙafa yake, a zuwa ganin sito, a zama a yi bayani, a ƙin amsa tambayar da aka yanke ta don sauƙin mai tambaya. Idan ya gangaro bakin alƙalami ya sauya adadi, ya zama cin amana. Wanda kuma ya fake da adadi don kada ya ji nauyin abin da ya rubuta, shi ma bai sauke amanar ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma askin nan ya fi sa alama a gurbi wahala.

Ya dawo bayan wata ukun. Ya ɗaga kilo 25 ba tare da karkata ba, a 30 ƙafar ta sake rawa. Wannan karon da kansa ya ajiye akwatin, ya dube ni ya ce, "Nan ne iyakata yau." Na rubuta 25, na rubuta ranar da zai sake dawowa, sannan na tambaye shi labarin amarya.